Kujerar Faransa a Ƙetaren Gwari

Idan ka taɓa shiga falon wani tsohon alƙali ko babban sakatare a Minna, da wuya a ce ba ka ga kujerar Malam Sanda ba. Ba ta ɓuya. Majinginarta zagaye ce mai ɗan tsawo kamar ƙwai, ƙafafunta suna sirancewa zuwa ƙasa. Amma abin da aka fi gane ta da shi, ɓangarorinta biyu ba iri ɗaya ba ne. Ƙafafun dama an tsaga musu layuka miƙaƙƙu daga sama har ƙasa, na hagu kuwa an murɗa su kamar igiyar guga. Hannun dama ya ƙare da sassaƙen ganye, na hagu ya naɗe kamar gidan katantanwa. Kujerar Faransa ake ce mata.

Uban Malam Sanda daga Kano ya zo, jirgin ƙasa ya kawo shi, aikinsa gyaran katakon taragu. A wurinsa Sanda ya koyi riƙon zarto, ya buɗe shagonsa a unguwar Ƙetaren Gwari, gidansa na bayan shagon. Yana da shekara talatin da 'yan kai wani Bafaranshe injiniyan hanya ya sa shi ya yi masa akwatunan komawa gida. Ranar tafiya mutumin ya miƙa masa wata jakar fata, a ciki akwai takardu goma sha biyu, kwafin zanen kujeru da tebura na zamanin da Faransawa ba su riga sun yanke wa sarkinsu kai ba. Ya nuna wani wuri da yatsa, ya yi magana da yarensu, ya yi dariya, ya shiga mota. Sanda bai ji ko kalma ɗaya ba.

Abin da ya gani a takarda shi ya sassaƙa a katako. A lokacin, kuma har yau a wasu gidajen, idan Bature ya zana abu ba a tambayar dalili, sai dai a nemo masa dalili. Sanda ya nemo nasa. Yakan ce wa masu saye dama miƙaƙƙiya ce don ta tuna wa babban mutum gaskiya, hagu murɗaɗɗiya don ta tuna masa halin duniya. Alƙalai suna jin daɗin wannan bayani ƙwarai, har wasu suna maimaita shi ga baƙinsu kamar su suka gano shi.

Takardun kuwa ba wanda ya taɓa ganinsu. Kafintocin unguwar Sauka Kahuta sun yi ta kwaikwayo daga abin da suka hango a gidajen mutane, ba su taɓa kamo shi ba, shi kuma bai ga dalilin da zai taimake su ba.

A farkon daminar 2007 likita ya gaya masa yana da hawan jinin ido. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ba a sa ran zai wuce ƙarshen shekara. A satin ne aka ba 'yarsa Hidaya shugabancin wata makarantar 'yan mata. Malam Sanda ya sa aka sauko da katakon maɗaci da ya ajiye a saman shago shekara goma sha ɗaya yana bushewa. Ya auna, ya sake aunawa. Kujera ɗaya zai yi, babu rara. Ya ce da matarsa Lailatu wannan ce ta ƙarshe, kuma Hidaya ce za ta zauna a kai, yana so ya gan ta da idonsa kafin a kashe masa fitila.

Sannan ya aika Shango, yaron shagonsa, a kira masa Malama Phoebe.

Malama Phoebe 'yar Kudancin Kaduna ce, ta shekara talatin da biyu tana koyar da Faransanci kafin ta yi ritaya. Mijinta, marigayi Dawuda, akawun tashar jirgi ne, shi da Sanda sun ƙarar da rabin rayuwarsu suna gardama a kan dara. Ɗalibanta suna tsoronta saboda ba ta taɓa ƙara wa kowa maki ɗaya don tausayi ba.

Ta sauka daga acaba da hantsi, tana gyara ɗankwali.

"Baban Hidaya, yau kuma? Ko benci ya kasa jin Hausa ne ake neman tafinta?"

"Shigo dai, Malama. Shekara talatin kina koya wa 'ya'yan mutane yaren da ko mai tumatir ba ya ji a garin nan. Yau Allah ya kawo ranar amfaninki."

"Ai gara ni. Kai da ka cika gari da kujeru masu shanyewar ɓarin jiki."

Ya yi dariya har da tari. Ya share teburin aiki da gefen hannu, ya buɗe jakar fatar, ya shimfiɗa takarda ta farko a hankali, ya danne kusurwoyinta da guntayen katako. Takardar ta yi ruwan ƙasa. Ga kujerar nan a kai, an zana ta da siririn alƙalami, kowane layi na ƙafa a fili, har da inuwa.

"Ga wani ɗan rubutu nan a ƙasa," in ji shi. "Tun da can na ɗauka sunan mai zanen ne. Amma kwanan nan abin yana damuna. Sunan mutum ai ba ya kai layi biyu. Kada ya zamana akwai wani abu da ya ce a yi, ni kuma ban taɓa yi ba. Ta Hidaya ba na so ta rasa komai."

Ta sa tabarau ta sunkuya. Rubutun irin na da ne, mai lanƙwashe-lanƙwashe, sai da ta bi shi sau biyu. Daga nan ta lura da wani layi na ɗige-ɗige, ya kusa gogewa, wanda ya raba kujerar biyu daga saman majingina har ƙasa. Ta ɗaga takarda ta biyu, tebur ne, shi ma da layin. Ta uku ma haka, har zuwa ta sha biyu.

Ta cire tabarau ta ce ƙishi take ji, bari ta shiga ta gaida Lailatu.

Lailatu tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta kawo ruwa, ta tsaya tana kallon yadda Malama Phoebe ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Maman Hope, me kika gani?"

Ta gaya mata. Rubutun yana cewa mai zane ya kawo salo biyu a takarda ɗaya, don mai gida ya zaɓi wanda ya fi so, ko na dama ko na hagu, sai a yi ɗaya ɓangaren daidai da shi. Haka masu zanen can suke yi don kada su ɓata takarda biyu. Ba kujera ɗaya ba ce, rabin kujeru biyu ne aka haɗa.

Lailatu ta ajiye faifai ta zauna a kan turmi.

"Don girman Allah ki ce masa sunan mutum ne. Ki ce sunan da na garinsu. Wa zai ƙaryata ki?"

"Tambayata ya yi, Lailatu."

"Mutumin nan wata nawa ya rage masa da ido? Ki bar shi ya yi abin da ya iya ya huta. Tsoho mara lafiya ai lallaɓa shi ake yi, kowa ya san haka."

Kowa ya san haka, gaskiya ne. Malama Phoebe ma ta san haka, don ta ga yadda aka lallaɓa Dawuda a asibiti. Kowa yana ce masa ya samu sauƙi, shi kuma yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, har ya daina tambayar kowa komai tun sati uku kafin ya rasu. Tun daga nan take ganin wannan lallaɓawar ba ta da bambanci da rufe mutum a ɗaki a zare makulli.

Ta ce, "Bai zama yaro ba don idonsa ya lalace."

Ta koma shago. Malam Sanda yana zaune inda ta bar shi, tafin hannunsa a kan takardar. Ta karanta masa da Faransanci, sannan ta juya masa zuwa Hausa, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta kama yatsansa ta bi da shi ta kan layin ɗige-ɗigen.

Ya tsayar da yatsansa a ƙarshen layin. A waje wata mai tallan masara tana ta kira.

"Duka sha biyun?"

"Duka."

"Wato zaɓi aka ce a yi."

"Zaɓi."

"Ni kuma na haɗa na ba mutane duka biyun." Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Kujera ɗari biyu da sha huɗu, Malama. Kowacce da wa'azinta. Akwai alƙalin da ya yi kuka a nan, a kan wannan bencin da kike zaune, da na gaya masa zancen gaskiya da duniya. Ashe mutumin nan takarda yake tattali."

"To, sai me?" in ji ta. "Mai zanen ya mutu tun kafin a haifi kakan kakanka. Wanda aka zana wa ma ban san ko ya mutu da kansa a wuyansa ba. Kujerar da ke garin nan taka ce, ba tasu ba. Ka yi wa Hidaya irin wadda ka saba."

"Da ban sani ba ne."

"Yanzu ma ai ba abin da ya canza a katakon."

"Ni na canza. In na yi ta haka yanzu, na san ƙarya nake sassaƙawa." Ya tattara takardun yana lalubar bakin jakar. "Na gode, Malama. Da wani ne da ya ce mini sunan mutum ne."

Ta fita da wannan godiyar tana jin ta yi daidai. Ba ta san aikin katako ba, shi ya sa.

Ya zaɓi dama: ƙafafu huɗu masu miƙaƙƙun layuka, hannuwa biyu masu ganye. Hidaya ta bugo waya daga makaranta ta ce ita irin ta falon gidansu take so, wadda ta girma tana hawa. Ya ce mata shugabar makaranta ba ta zama a kan kuskure.

Abin da Malama Phoebe ba ta sani ba shi ne, shekara arba'in Malam Sanda bai taɓa buƙatar ya sa ɓangare biyu su yi kama da juna ba. Dama tana tafiya hanyarta, hagu tana tafiya tata. In ganyen ya ɗan fi girma yau, ba abokin da za a gwada shi da shi. Hannunsa ya haddace aikin yadda da an ɗaure masa ido ma zai gama kujera a sati biyar. Amma a yi abu biyu su zama kamar mutum da hotonsa a madubi, wannan aikin ido ne. Sai ka sassaƙa, ka ja da baya, ka duba wannan, ka duba wancan. Idon kuwa shi ne babu.

Ƙafafun ba su ba shi wahala sosai ba. Ya yanka ma'auni da kwali, yana ƙirga layukan da farce, sha biyu a kowace ƙafa. Kafin ƙarshen Yuli ya gama su, ya haɗa mazauni da majingina. Ya fito da teburin aiki bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, in hadari ya haɗo sai ya zauna ya jira, wani lokaci yini guda.

Ganyen dama ya gama shi a kwana huɗu, ya fito kamar zai motsa. Na hagu ne bai taɓa yi ba. Dole ya juya komai, abin da ya lanƙwasa nan ya lanƙwasa can, hannunsa kuma ya ƙi. Da ya ɗora kurfi, ƙarfen sassaƙa, a kan katakon hagu sai wuyan hannunsa ya nemi naɗa katantanwa. Ya kankare, ya sake. Ganyen ya fito, amma ya fi na dama ƙanƙanta. Sai ya koma ya rage na dama don su daidaita. Ya rage fiye da kima, ya dawo kan na hagu.

Malama Phoebe tana zuwa duk Laraba bayan taron matan coci. Lailatu tana amsa gaisuwarta, amma ta daina kawo mata kujera, ta daina tambayar Hope da jikoki. Wata Larabar a watan Satumba ta tare ta a soro.

"Kin ga hannunsa? Jiya kurfi ya shiga nan, tsakanin yatsu. Bai ma gani ba sai da jini ya ɗiga a ƙafarsa. Da kin yi shiru da tuni yarinya tana zaune a kan kujerarta."

Malama Phoebe ta wuce ta, ta nufi shago. Ta shiga ta sake roƙonsa. Ta ce ya bar ganyen haka, ba wanda zai zo da ma'auni ofishin Hidaya. Ta ce ko a nemo wani katakon a Sauka Kahuta ya sake hannuwan.

"Katakon da aka sare jiya?" in ji shi. "Kafin Kirsimetinku ya tsage. Kuma launin ba zai zo ɗaya ba. Ki bar ni, saura kaɗan."

"Kai dai taurin kai. Dawuda ya sha faɗa."

"Dawuda da ke satar ɗan dara in na juya in yi alwala? Shi ne shaidarki?"

Suka yi dariya tare, amma ta lura ba ita yake kallo ba, gefen kafaɗarta yake kallo.

Ruwa ya ɗauke a tsakiyar Oktoba. Ranar wata Litinin da safe Lailatu da kanta ta bugo mata waya, ta ce Malam yana nemanta, ba ta ƙara komai ba.

Ta tarar an share shagon, an kwashe ɓawon katako. Kujerar tana tsaye a bakin ƙofa cikin rana, ba a shafa mata mai ba tukuna, jan maɗacin yana ɗaukar ido. Malam Sanda yana zaune a benci da farar riga, hannunsa na hagu naɗe da tsumma. Lailatu tana tsaye a ƙofar da ke shiga gida.

"Malama ce?"

"Ni ce, Baban Hidaya. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Tun shekaranjiya ba na ganin komai sai fari-fari, kamar an shanya zani a gabana. Lailatu ta ce kujera ta yi kyau, amma Lailatu ko turmi na sassaƙa cewa za ta yi ya yi kyau. Ke nake so ki duba. Ki tsaya daga gaba, ki ja da baya taku uku. Hannuwan nan biyu, sun zo ɗaya?"

Ta tsaya inda ya ce. Ƙafafun ba su da aibu, majinginar ma haka. Hannuwan ne. An kankare su har sun zama sirara kamar sandar makiyayi, ba za su ɗauki nauyin gwiwar hannun babban mutum ba. Ganyen dama ya rasa rabin jijiyoyinsa. Na hagu ya karkace ya kalli waje, bakinsa ya ɗan naɗe ciki, akwai tabon jini da ya shiga katakon wanda ko gugar samfefa ba ta fitar ba.

Ta dubi Lailatu. Lailatu ba ta roƙe ta komai ba wannan karon, ƙasa take kallo.

Ta dubi tsohon. Ya miƙe wuya yana jira, bakinsa a ɗan buɗe, irin jiran da ɗalibanta suke yi ranar da take raba takardun jarrabawa. Wata huɗu ke nan na ganinsa na ƙarshe, ga inda suka tafi.

"Sun zo ɗaya," in ji ta. "Sun yi daidai."

Ya karkata kai wajen muryarta. Sannan ya tashi yana lalube, ya kama majinginar, ya zagaya ya zauna a kan kujerar a hankali. Ya ɗora hannu biyu a kan hannuwanta, ya bi su da yatsu daga baya har zuwa ganyen, ya dawo, ya sake bi. Ya san abin da ke wurin tun kafin ya aika a kira ta, yatsunsa ba su makance ba.

"Malama," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Ke ma?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya ɗan gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa labarin da ya daɗe yana tsammani. Ya juya fuskarsa wajen ƙofar gida.

"Lailatu, zo ki kama ni mu shiga. Ki kawo wa Malama ruwa, ta sha rana."